Tabawa a Sandumba, Garin Masu Kiran 'Ya'ya

Ga wata nan tafe, ku gyara zama ku tarbe ta.

A bakin kogin Kwara, ƙasa da Yawuri, akwai wani ɗan ƙauyen masunta da ake ce wa Tungar Gwanda. A nan aka yi wata mace mai suna Tabawa, sana'arta bandar kifi. Tabawa ba ta san tsoro ba. Ita ce ta taɓa korar kada da muciya ranar da ya biyo ƙanshin kifinta har bakin murhu. Abu ɗaya tak ya gagare ta a duniya, shi ne ta buɗe baki ta faɗi sunan 'yarta ta fari.

Ba ita ta fara ba. Haka ta tashi ta ga uwarta na yi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Yarinyar sunanta Barira. Tun da aka yaye ta kakarta Hajjo ta ɗauke ta, kuma ita ce mai kiran "Barira, Barira" safe da yamma har maƙwabta su gaji. Da yarinya ta kai shekara tara, Allah ya yi wa Hajjo rasuwa, aka dawo da ita ɗakin uwarta. Uban ya tafi kamun kifi can ƙasa, shi ma ko yana nan ba ya faɗin sunan. Mutanen gari kuwa "'yar Tabawa" suke cewa. In Tabawa za ta aike ta, sai ta kalli bango ta ce, "Wani ya kai min itacen nan bakin murhu." Haka aka kwana arba'in babu wanda ya ambaci sunan.

Rana ta arba'in da ɗaya da hantsi, Barira ta tafi wankin kwanuka bakin kogi. Har azahar ba ta dawo ba. Aka je aka tarar da kwanukan a wanke, an kife su a jere, ga takalmanta a gefe, yarinya babu ita.

Maza suka bazu cikin ruwa da jirage da taru. Tabawa ta tsaya ta dubi kwanukan nan, ta ce, "Kada ba ya jiran a gama wanke-wanke." Ta koma gida ta ɗauko muciyarta, ta ƙulle bandar kifi uku a bakin zane, ta dawo. Ta yi bisimilla ta doki kogi sau uku, ta ce, "Duk wanda ke ciki ya fito mu yi magana."

Ruwa ya dare biyu. Wata aljana ta miƙe daga ciki, tsawonta ya kai giginya. Gashinta ya zubo har ruwa, cike da abubuwan da suka ɓace wa mutane, ga allurai, ga zobba, ga 'yan kunne wari-wari, ga cokula. Maza suka saki taru suka yo gaɓa da gudu.

Aljanar ta ce, "Aminci gare ki, ya ke 'yar Adam mai dukan ƙofar mutane da muciya. Ni ce Mai Tsintuwa. Abin da aka yar nake ɗauka, ban taɓa sata ba."

Tabawa ta ce, "Aminci gare ki, ranki ya daɗe. Yau dai kin yi. Ba ni abin da kika ɗauka."

"Kwana arba'in ina sauraro, ban ji an kira ta ba. A dokarmu, ɗan da ba a kiransa, ba shi da mai shi. In taki ce, faɗi sunanta yanzu, in dawo miki da ita kafin ki rufe baki."

Tabawa ta waiwaya. Duk gari na tsaye a bayanta, har da yayyen mijinta da matansu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai kin san ta. Mai jan ɗankwalin nan."

Mai Tsintuwa ta girgiza kai, cokula suka yi ƙara. Ta ce, "Na ba ki dama kin bar ta. Yanzu shari'a ta koma Sandumba."

"Ina ne Sandumba?"

"Can ƙetaren ruwan gishiri, inda rana ke faɗuwa. Garin baƙaƙen mutane ne, jikokin waɗanda aka kwashe daga ƙasashenku a cikin jirage. Can nake kai duk ɗan da na tsinta, don su ba sa barin yaro ba kira. Asuba ta uku daga yau, macen da ta kira ta, ta amsa, ita ce uwarta har abada."

Tabawa ta ɗaure zanenta tamau, ta ce, "To, kai ni."

"Ba na ɗaukar abin da ke da mai shi. Ke kullum ana kiran sunanki. Amma tunda kin fito da ni, ba za ki koma hannu wofi ba." Aljanar ta tsinko gashi ɗaya ta ɗaura a wuyan wata babbar gora irin wadda masunta ke kwanciya a kai su yi iyo. Ta ɗiga wa Tabawa ruwa a harshe da kunne, ta ce, "Duk harshen da aka yi miki za ki ji, za a ji naki. Hau, kada ki saki wuyan gorar."

Tabawa ta bar wa maƙwabciyarta amanar ƙannen yarinyar, ta hau. Gora ta fizga kamar an harba kibiya. Garuruwa suka yi ta wucewa dama da hagu, dazuzzuka suka yi duhu, kogi ya yi faɗi har ba a ganin gaɓa. Kafin la'asar ta iso inda ruwan daɗi ke karo da ruwan gishiri. Nan gora ta ja ta tsaya.

Wata ƙaguwa ce ta tare hanya. Bayanta ya kai filin kasuwa, ƙafarta ɗaya ta fi ƙofar zaure. Ta shinshina iska ta ce, "Dakata, ya ke mai warin hayaƙi. Ni ce mai tsaron ƙofar gishiri. Ke ce kike jera mutanen ruwa a kan wuta?"

Tabawa ta ce, "Ni ce. Shekara goma sha biyar ke nan, kuma ba a taɓa dawo min da kaya ba."

"Ba ki ma musa ba?"

"In musa sana'ata? Ke me kike ci?"

Ƙaguwa ta ce, "Kifi."

"Ɗanye?"

"Ɗanye."

Tabawa ta ce, "Kai, kin sha wahala a duniya." Ta kwance bakin zanenta ta jefa mata tarwaɗa guda, wadda ta kwana uku a kan hayaƙin itacen ƙirya. Ƙaguwa ta tauna, ta lumshe ido. Ta sake miƙo ƙafa, Tabawa ta ƙara mata ɗaya, ta ce, "Ta ukun guzurina ce, kauce." Ƙaguwa ta ja gefe tana lashe baki, ta ce, "Wuce lafiya, ya ma'abuciyar wuta. In kin dawo ta nan ki tuna da ni."

Daga nan gora ta nutsa ƙasa. Tabawa ta riƙe numfashi har ta gaji, da ta saki sai ta ga tana shaƙar ruwa kamar iska. Ta yi ta tafiya cikin shuɗin haske, ba ta san iyakar lokacin da ta ɗauka ba. A can ƙasan teku ta hango wani dogon layi na mutane suna tafiya a kan yashi. Maza da mata, wasu da goyo. A wuyansu akwai sarƙa da tsatsa ta cinye. Suna tafe a hankali, ba mai magana.

Wani tsoho mai tsage a kumatu ya ɗaga hannu. Ya ce, "'Yar nan, daga ina?"

Ta ce, "Daga Kwara, Baba."

Layin gaba ɗaya ya tsaya cak. Tsohon ya ce, "Shekara ɗari uku muna neman bakinsa. Mu ne aka jefo daga jirage. Nan ƙasa babu gabas babu yamma, sai mu yi ta zagaye."

Tabawa ba ta tsaya kuka ba. Ta tuna ɗankwalinta ya jiƙe tun a gida. Ta cire shi ta matse sauran ruwan kogi a bakin tsohon. Ta ce, "Kun ji wannan ɗanɗanon? Ku bi layin kumfar da gorata ta bari, kada ku karkace. Inda kuka fara jin sa a harshe, kun iso. In ƙaguwa ta tare ku, ku ce mai banda ce ta aiko ku."

Tsohon ya daɗe yana juya ruwan a baki. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka. 'Yan'uwanmu da suka kai gaɓa da rai, su suka kafa Sandumba. Amma kafin can akwai tsibirin masu kwaikwayo. Duk muryar da kika ji, kada ki taka ƙasarsa. Wanda ya taka ba ya fita."

Layi ya juya ya bi kumfa, gora ta taso sama. Gari ya waye, rana ta fito ta bayanta, sai ga tsibirin nan fari fat. Wasu fararen tsuntsaye ne suka rufe shi, bakinsu irin na mutane. Da suka hango ta sai ɗaya ya buɗe baki da muryar Hajjo, "Tabawa, zo ki sha fura." Tabawa ta ƙara riƙe wuyan gora. Sai wani ya ɗauka da muryar Barira sak, yana kuka, "Inna! Inna, ga ni nan, zo ki ɗauke ni!"

Ƙafar Tabawa ta sauka cikin ruwa da kanta, saura taku biyu ta taɓa yashi. Sai ta janye ta, ta fashe da dariya. Ta ce, "Ku koma ku sake koyo, maƙaryatan banza. Yarinyar da kaka ta raina ba ta ce min Inna. Yaya take ce min." Tsuntsaye suka tashi da ihu, gora ta wuce.

Da la'asar ta shiga wani labulen ruwan sama mai ɗumi. Bayan ruwan sai kurmi, itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwan gishiri kamar ƙafafun gizo. Gora ta yi ta kurɗawa ta wasu siraran hanyoyi da baƙo ba zai taɓa ganewa ba. Can kurmi ya buɗe, sai ga Sandumba.

Gari ne ɗan madaidaici a bakin baƙin yashi. Gidajen katako ne a kan dogayen turaku, wannan shuɗi, wancan rawaya, wani ruwan hoda, bishiyoyin kwakwa sun sunkuyo a kansu. Kwale-kwale sun jeru a gaɓa. Wani wuri ana kaɗa ganga, ana buga wasu faifan katako da ke kuka kamar ruwa na ɗiga cikin randa. Mutanen kuwa, Tabawa ta tsaya tana kallonsu baki buɗe. Wata mai tsinken gashi kamar ƙanwar uwarta. Wani mai gyaran komar kamun kifi kamar limamin Tungar Gwanda aka cire masa rawani. A bakin hanya wata na suyar ƙosai cikin manja, tana tsaga shi tana cusa yaji da ƙananan jatan lande.

Mai ƙosan ta hango ta, ta yi kira, "Jama'a, ruwa ya kawo mana 'yar'uwa!" Kafin Tabawa ta sauke ƙafa an kewaye ta. Wannan ta rungume ta, waccan ta sumbace ta a kumatu biyu. Tabawa da ba ta saba ba ta sandare kamar tabarya. Aka kai ta gaban shugabar garin, wata tsohuwa mai farin gashi da lofen taba a baki, sunanta Mama Sirila. Aka kawo mata shinkafa da aka dafa da ruwan kwakwa, da soyayyiyar ayaba, da miyar kuɓewa.

Da ta ci, Mama Sirila ta ce, "To, 'yata, me ya ƙetaro da ke?"

Tabawa ta ce, "Iya, wani abu nawa aka kawo nan shekaranjiya."

"Abu? Akwati ne ko akuya?"

"Yarinya ce."

"To, ki ce 'yata mana! Ga yara can suna tsintar kwakwa. Wace ce?"

Tabawa ta ɗaga ido. Can nesa ta hango Barira, an yi mata sabon kitso da jajayen duwatsu, an sa mata riga mai furanni. Lafiyarta ƙalau. Sai Tabawa ta yi abin da ta saba. Ta kawar da kai, ta turo leɓe wajen, ta ce, "Waccan ta gefen." Ta ƙara da cewa, "A taimaka min da ruwan sha."

Wata ta ce, "Kun gani? Ko tashi ba ta yi ba." Wata ta ce, "Ni ɗana ya yi rabin yini a kurmi, da ya dawo sai da na suma. Wannan ta nemi ruwan sha." Mai ƙosai ta ce, "Ko dai uwargijiyarta ce ta biyo baiwarta?"

Mama Sirila ta cire lofe. Ta ce, "Sunanta fa?"

Tabawa ta ce, "A garinmu ba a faɗin sunan ɗan fari."

"Don me? An tsane shi?"

"A'a, Iya. Kunya ce."

"Kunyar me? Sato shi aka yi?"

Ba a taɓa yi wa Tabawa wannan tambayar ba. Mama Sirila ta ce, "Saurara ki ji namu. Kakanninmu da aka sauke a wannan ƙasa, abin da aka fara ƙwace musu sunayensu ne. Daga nan sai 'ya'yansu. Uwa na tsaye za a ja ɗanta a tafi da shi, in ta kira shi a yi mata bulala. Waɗanda suka gudo cikin kurmin nan suka yi rantsuwa. Kowace asuba yara su shiga ruwa su fuskanci inda aka fito da mu, iyaye mata su tsaya a bayansu, kowacce ta kira nata da ƙarfi har teku ya ji. Ba mu taɓa fashi ba. Gobe za ki tsaya cikinmu. Kira uku gare ki. In ba ta zo ba, Dominga za ta kira. Kafin nan ba ke ba yarinyar."

Aka nuna mata Dominga, matar da aka ba riƙon Barira. Tabawa ta tarar da ita a bayan gida tana bandar kifi da ɓawon kwakwa. Doguwa ce, mai sanyin fuska. Tabawa ta zo da niyyar faɗa, amma da ta ga aikin sai bakinta ya riga ta.

Ta ce, "Wutarki ta yi yawa. Gasawa kike yi, ba banda ba. Wannan ba zai kwana bakwai ba."

Dominga ta ce, "Wa zai bar shi ya kwana bakwai? Ga teku nan a ƙofar gida."

Tabawa ta tsuguna ta janye ɓawo biyu, ta yayyafa ruwa, hayaƙi ya taso fari. Suka shiga juya kifi tare. Can Dominga ta ce, "Shekara goma sha biyu ina tsayawa a layin nan bakina a rufe. Ban taɓa haihuwa ba. Da aka kawo yarinyar na tambaye ta sunanta, sai ta faɗa a hankali kamar ta ari abin wani. Barira. Yana da daɗi a baki. Yau kaɗai na faɗe shi ya fi sau ɗari."

Tabawa ta ce, "Ta amsa miki a ruwa?"

"Jiya ba ta motsa ba. Yau kafaɗarta ta motsa. Gobe za ta juyo." Ta dubi Tabawa ido cikin ido. "Ba na ƙin ki, 'yar'uwa. Amma yarinyar nan tana da yunwar sunanta."

Kafin rana ta faɗi Tabawa ta shiga cikin kwakwa ita kaɗai. Ta duba gabas da yamma, ta buɗe baki. "Ba..." Sai ta ji kamar uwarta da kakarta na tsaye suna kallonta. Ta sake gwadawa har sau bakwai, ba ta wuce nan ba. Ta ce a ranta, gobe ko harshen zai tsinke sai ya fito.

Da asuba ta yi sallarta, ganga ta tashi. Yaran gari kaf suka shiga ruwa zuwa gwiwa, suka ba gari baya. Mata suka jeru a kan yashi. Aka fara. "Tomasa!" "Benito!" "Marselina, 'yar gidana!" Duk wanda aka kira sai ya juyo da gudu, ruwa na fantsama, ya faɗa jikin uwarsa. A haka har ruwa ya zama ba kowa sai Barira ita kaɗai, 'yar siririya, tana kallon inda rana za ta fito. Can gaba da ita Mai Tsintuwa ta miƙe daga teku ta harɗe hannu.

Mama Sirila ta ce, "Baƙuwa, bisimillarki."

Tabawa ta tako gaba. Ta cika ƙirji da iska, ta runtse ido, ta saki. "Barira!"

Tsuntsaye suka tashi daga kan kwakwa. Yarinya ba ta motsa ba.

"Barira!"

Yarinya na nan tana kallon teku.

Tabawa ta tattara duk abin da ya rage mata. "Barira, 'yata!"

Sai yarinyar ta yi magana, ba ta ko waiwayo ba. Ta ce, "Ku daina wahalar da kanku. A hanya ma tsuntsaye sun kira ni haka da muryarta. Yaya ba ta faɗin sunana."

Kira uku ya ƙare. Tabawa ta tsaya, ga abin da ba ta taɓa yi ba ta yi shi a gaban gari guda, kuma a banza. Kunyar ta taso ta rufe ta gaba ɗaya. Ta ja mayafi ta lulluɓe fuska, ta juya wa teku baya.

Mata suka ɗauki surutu. Mai ƙosai ta ɗaga murya ta ce, "Ku duba! Ta rufe fuska! Ta juya wa yarinyar baya! Wace irin uwa ce wannan?"

Barira ta ji. Ta ce, "Wa ya juya baya?" Ta waiwayo. Ta ga mace tsaye ta ba ta ƙeya, kai a sunkuye, mayafi har haɓa. Sai ta zabura. Ta keto ruwa da gudu, ta wuce Dominga, ta wuce Mama Sirila. Da ta iso saura taku ɗaya sai ta ja birki, ta durƙusa a gefe, ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Yaya, ina kwana."

Daga cikin mayafi Tabawa ta ce, "Wa ya ce a shiga ruwa da sanyin safiya?"

Gari ya rikice. Wasu na cewa ta zo, wasu na cewa ba kiran ta amsa ba, don haka saura na Dominga. Mama Sirila ta buga sandarta, ta sunkuya wajen yarinyar. Ta ce, "Jikata, gaya min gaskiya. Matar nan tana son ki?"

Barira ta ce, "In ta yi banda, tsakiyar kifi mafi maiƙo take rufewa a kwano ta tura ƙarƙashin gadona. In na tambaya sai ta ce ba ta san wanda ya ajiye ba."

Mama Sirila ta dubi su biyun. Ta ce, "Ikon Allah. Ashe a can ma ana son 'ya'ya, sai dai a ɓoye, ba irin namu ba. Amma doka doka ce. Dominga, kiranki uku."

Dominga ta tako gaba. Ta buɗe baki, kowa ya ga sunan ya zo kan leɓenta. Ta dubi yarinyar da ke durƙushe kusa da ƙafar uwarta. Sai ta rufe bakin. Ta ce, "Kwana biyu ina kira da dukan zuciyata, kafaɗa kawai na samu. Wannan baya ta juya, ga yarinya a gindinta. Ba zan kira ba."

Tabawa ta yaye mayafi. Ita da ba ta iya runguma ba, ta je ta rungume Dominga, suka daɗe a haka.

Mai Tsintuwa ta matso, ruwa na zuba daga gashinta. Ta ce, "Shari'a ta ƙare, ya ke 'yar Adam. Ɗauki 'yarki. Amma ki ji sharaɗina. Duk ranar da aka sake kwana arba'in sunan nan bai taɓa ruwa ba, zan dawo, kuma ba za ki sake ganin gora ba."

Tabawa ta ce, "Daga bakina?"

"Daga bakinki."

"A gaban mutane?"

"Ban ce mutane ba. Ruwa na ce."

Tabawa ta ce, "Na karɓa, ranki ya daɗe."

Aka cika musu ƙwarya da kwakwa da kifin Dominga, mai ƙosai ta zo tana ba da haƙuri da ƙunshi a hannu. Aka raka su da ganga har bakin kurmi. Suka hau gora, uwa a gaba 'ya a baya, kwana biyu suka sauka a Tungar Gwanda.

Tun daga ranar, Tabawa ba ta jira kwana arba'in ba. Kowace safiya sai ta shiga bayan ɗaki da ɗan tulu mai ruwa, ta duba ko'ina, ta cusa bakinta cikin tulun ta faɗi sunan sau uku, ta toshe da ganye. Sannan ta fito ta ajiye shi a tsakar gida, ta kalli sama ta ce a kai kogi a juye.

Ba a taɓa yin gardamar wanda zai kai ba. Barira ce ke ɗauka. In ta sha kwanar da ba a hango ta daga gida, sai ta sauke tulun, ta zare ganyen a hankali, ta kara kunnenta. Sunan na nan ciki yana zagaye da muryar uwarta, da ɗuminsa. Sai ta saurara har ya ƙare, sannan ta kai wa kogi nasa rabon.

Nan na sauke ta, mai so ya ɗauka ya kai gaba.